Yadda Ake Neman Bayani Daga Ƙaramar Hukuma

Jama'a, kowane wata akan raba kuɗin ƙasa a Abuja. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, kowace da rabonta. Guda 14 suna Jihar Zamfara, har da Anka da Gummi da Bukkuyum. Kuɗin nan ba na ciyaman ba ne, ba kuwa na kansila ba. Namu ne, amana aka ba su. Da su ake haƙa rijiya, a gina ɗakin shan magani, a gyara kasuwa da makaranta. To, mai kaya in ya tambayi inda kayansa suka shiga, ai bai yi rashin kunya ba.

A zamanin En'e da wuya talaka ya tsaya gaban ma'aji ya ce a nuna masa lissafi. Yau akwai doka. Sunanta Dokar 'Yancin Samun Bayani. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu ran 28 ga Mayu, 2011. An daɗe ana gardama, waɗansu suna cewa ofisoshin tarayya kaɗai ta shafa. Amma a watan Afrilu, 2025, Kotun Ƙoli ta raba gardamar a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo. Ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Watau ke nan ta shafi jiha, ta shafi ƙaramar hukuma.

Abin da dokar ta ce

Kowa yana da ikon neman bayani, namiji ko mace, mai kuɗi ko talaka. Ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Wanda bai iya rubutu ba tukuna yana iya sa wani ya rubuta masa. In kuwa da baki ya tambaya, wajibi ne ma'aikaci ya rubuta tambayar, ya ba shi kwafi. Ba a sayen bayani. Abin da za a biya shi ne kuɗin buga kwafin takardu kawai.

Hukuma tana da kwana 7 ta ba da amsa. In takardun suna da yawa ƙwarai, tana iya ƙara waɗansu kwana 7, amma sai ta sanar da mai tambaya a rubuce. In bayanin yana wani ofis ne, sai ta tura takardar can, ta gaya masa.

Yadda za mu rubuta

Kada mu yi zagi, kada mu yi zargi. Mu tambayi abu guda, mu faɗi wurin da shekarar. Ga misali:

"Zuwa ga Sakataren Ƙaramar Hukumar Gummi. Bayan gaisuwa mai yawa. Bisa ga Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011, ina roƙon a ba ni kwafin takardun da suka nuna kuɗin da aka ware don gyaran ɗakin shan magani na ƙauyenmu a shekara kaza, da sunan ɗan kwangila, da abin da aka biya shi. Haza wassalam. Ni ne wane, na gari kaza."

Mu sa kwanan wata. Mu yi kwafi biyu. Mu miƙa ɗaya, ɗayan kuwa akawu ya buga masa hatimi ya sa hannu, mu koma da shi gida mu adana. Ku lura da wannan ƙwarai. Takardar da ba hatimi, gobe ana iya cewa ba a taɓa ganinta ba.

In an hana mu fa?

Akwai abin da doka ta yarda a ɓoye, kamar asirin tsaron ƙasa, da binciken 'yan sanda da ba a gama ba, da asirin wani mutum, misali takardar ciwonsa a asibiti. Amma kuɗin rijiya ba asiri ba ne.

In hukuma za ta hana, lalle ne ta rubuto, ta faɗi dalili, ta nuna sashen dokar da ta dogara a kai. "Ciyaman ya yi tafiya" ba dalili ba ne. "Wa ya aiko ka?" shi ma ba dalili ba ne. In kwana 7 suka wuce shiru, doka ta ɗauki shirun nan a kan an hana.

Da farko mu sake rubutawa, mu tuna musu ranar takardar farko. Yana da kyau mu tafi mu uku ko huɗu, mu kuma sanar da kansilanmu da hakimi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna iya kai kuka ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a Gusau, ba a biyan ko kwabo. Sa'an nan akwai Babbar Kotu. Doka ta ba mu kwana 30 daga ranar da aka hana mu shigar da ƙara, saboda haka kada mu yi sanyin jiki. A gaban alƙali, hukuma ce za ta kawo hujjar hanawa, ba mu ba. In an tabbatar an hana bisa zalunci, akwai tara ta Naira 500,000. Ma'aikacin da ya lalata takarda ko ya sāke ta da gangan kuwa, ɗaurin shekara ɗaya ne mafi ƙanƙanta.

Tambaya tana da amfani?

Mu tuna da Bagega. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake daka dutsen zinariya a cikin gida. Yara wajen 400 suka rasu. An share gubar a waɗansu ƙauyuka, Bagega ta saura. Likitoci kuwa ba su iya fara magani sai an kwashe ƙasar mai guba, in ba haka ba yaro ya warke ya sake kamuwa. A watan Mayu, 2012, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850. Watanni suka wuce ba labari. Sai waɗansu samari, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka tashi suna tambaya a fili: ina kuɗin Bagega? Likitocin agaji da 'yan jarida su ma ba su yi shiru ba. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka share garin, aka fara yi wa yara magani.

Kuɗin tarayya ne waɗannan, amma hanyar ɗaya ce ko a sakateriyar garinmu. A san abin da aka yi alkawari, a tambaya a rubuce, a yi ta bibiya cikin ladabi.

To, jama'a, kowane aji ya zaɓi aiki ɗaya na ƙauyensa da aka fara ba a gama ba. Mu rubuta takardar tare a kan allo, kowa ya kwafa a littafinsa. Matambayi ba ya ɓata.