Daga Aji zuwa Wurin Sana'a: Matsalar Ɗaliban Sakandare, Masu Lafiya da Naƙasassu

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar an kammala jarrabawar ƙarshe ta sakandare, ɗimbin samari da 'yan mata sukan kwashe littattafansu su koma gida. Kaɗan daga cikinsu ne ke samun gurbi a jami'a ko wata babbar makaranta. Sauran kuwa, watau mafi rinjaye, sai su wayi gari ba su makaranta, ba su kuma wurin aiki. Maƙasudin wannan lacca shi ne ta duba asalin wannan giɓi, da ƙoƙarin da hukuma ta yi na cike shi, sa'an nan ta nuna yadda abin ya fi tsananta ga naƙasassu, waɗanda a yau aka fi kira masu buƙata ta musamman.

Yadda Al'amarin Yake a Da

A ƙasar Hausa ta dauri, wurin koyo shi ne wurin aiki. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga, daga nan a ba shi riƙon awartaki, kafin ya kai ga ɗaga masaba. Ɗan marini yakan tashi a bakin karofi, ɗan majemi kuwa a majema. Yaro yana zuwa makarantar allo da safe, da hantsi yana gindin sana'ar gidansu, don haka ranar da ya isa mutum ba ya neman wanda zai ɗauke shi aiki.

Naƙasassu ma suna da nasu tsari. A manyan birane irin su Kano akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa. An san makafi da tufkar igiya, kurame kuwa sukan shiga kusan kowace sana'ar hannu. Sai dai tilas a faɗi gaskiya, wannan tsari ya dogara ƙwarai a kan bara da sadaka, ya kuma taƙaita wa naƙasasshe abin da zai iya zama.

Da ilmin boko ya zo, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a shekarar 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Amma a hankali sai boko ya zama hanyar samun aikin malanta da akawu a ofisoshin En'e da na gwamnati. Muddin 'yan makaranta kaɗan ne, aiki na jiran kowa. Bayan an soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a shekarar 1976, sai masu takardar shaida suka yi wa kujerun ofis yawa, giɓin ya fito fili.

Ƙoƙarin Hukuma

Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a shekarar 1977 ta hango wannan matsala. Ita ce ta kawo tsarin nan na 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a shekarar 1982. Nufinsa shi ne yaro ya taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki a ƙaramar sakandare, domin in bai zarce ba ya fita da abin yi. Manufar ta kuma tanadi malaman ba da shawara kan zaɓen sana'a, ta keɓe babi guda ga ilmin naƙasassu. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa sun tsufa cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin kafa su, babu wutar lantarki, babu kuma malamin da ya san kansu.

A shekarar 1986 aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda ta ɓullo da shirin kai matasa wurin gwanayen sana'a su koya. Shiri ne mai ma'ana, sai dai yana tarar matashi ne bayan ya riga ya bar makaranta. Shi kuwa shirin tura ɗalibai masana'antu, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ya fara a shekarar 1973, na ɗaliban manyan makarantu ne, ɗan sakandare ba shi da rabo a ciki. Daga baya, a shekarar 2011, aka shigar da darussan sana'a 34 cikin manhajar babbar sakandare, amma sau da yawa a kan allo aka koyar da su. Wanda ya haddace sunayen sassan keken ɗinki bai zama tela ba.

Halin da Naƙasassu Suke Ciki

Makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu, an buɗe ta tun shekarar 1953, a Kano kuma akwai ta Tudun Maliki, sa'an nan akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Oyo mai horar da malaman wannan fanni. Duk da haka, ɗalibin da ya fito daga irin waɗannan makarantu yakan ci karo da shinge uku.

Na farko shi ne na harshe. Maganar hannu da ake koyarwa a makarantun kurame ta samo asali ne daga ta Amurka, alhali kuwa kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu ta gargajiya, wadda ake yi a kasuwa da zaure. Ke nan yaro zai iya ƙwarewa a maganar aji, ya je wurin kafinta su kasa fahimtar juna. Haka makaho da ya iya rubutun makafi, in bai koyi aiki da kwamfuta ko waya mai karanta rubutu da murya ba, rubutunsa ba mai karanta shi a ofis.

Na biyu shi ne na gini da sufuri. Gurgu ya ci jarrabawar ɗaukar aiki, amma ofishin yana saman bene, ba hanyar keke.

Na uku, wanda ya fi sauran tauri, yana cikin zukatan jama'a. Mai shago yakan ga ya fi masa sauƙi ya ba naƙasasshe sadaka da ya ba shi aiki. Amma duk wanda ya ga yadda waɗanda shan inna ya naƙasa a Kano suka haɗa ƙungiya suna walda suna ƙera kekunan guragu, ya san abin da aka hana su dama ce, iyawa kam suna da ita.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na shekarar 2019, ta wajabta wa ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su shigu, wa'adin da ya cika a farkon 2024. A shekarar 2020 aka kafa hukumar da za ta kula da aiwatar da ita. Doka dai ta samu, saura cikawa.

Abin da Ya Kamata a Yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin fita daga makaranta ya kamata ya fara tun daga aji uku na ƙaramar sakandare. Malamin ba da shawara ya zauna da ɗalibi da iyayensa, a rubuta abin da yaron ya iya, da abin da yake so, da taimakon da zai buƙata, a riƙa duba takardar kowace shekara.

Na biyu, makaranta ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin teloli da kafintoci da makanikai da masu gyaran waya na garinta, ɗalibi ya riƙa zuwa wurinsu kwana ɗaya a mako ko lokacin hutu. Wannan ya fi sayen injuna araha, ya kuma sada yaro da maigidan da zai iya riƙe shi daga baya. 'Yan mata kuwa a nema musu mata masu sana'a, domin iyaye su saki jiki. In ɗalibin kurma ne ko makaho, malaminsa ya raka shi makonnin farko, ya nuna wa maigidan yadda za su yi ma'amala.

Na uku, kada makaranta ta ɗauka aikinta ya ƙare ranar yaye ɗalibai. Ta ajiye rajista, bayan shekara guda ta bincika ina kowa ya kwana.

Kammalawa

Mafi yawan waɗannan matakai ba sa buƙatar sabuwar doka ko kuɗi mai yawa. Suna buƙatar shugaban makaranta da zai taka zuwa kasuwa, da jami'in ɗaukar ma'aikata da zai ƙirga guraben nan na kashi 5 kafin ya rufe fayil. Ɗaliban jami'a na yau su ne za su hau waɗannan kujeru gobe, kuma daga hannunsu ne za a ga ko yaron da ya gama sakandare zai nufi wurin aiki, ko kuwa bakin titi da ƙoƙon bara.