Motar Ƙauye da Ƙarfin Ja: Shin Tsawaita Tafiyar Fistan Zai Fisshe Mu?

Da zarar damina ta kankama, ƙorafin da kanikawan Gyallesu da sauran garejojin Tudun Wadar Zariya suka fi ji daga bakin direbobin ƙauye ɗaya ne: "Oga, motar nan ba ta ja." Mai a-kori-kurar da zai kai buhunan taki ƙauyukan Soba ko Giwa, hanya duk laka da zaizayar ruwa, bai damu da gudu ba. Burinsa motar ta fita daga rami da giya ta ɗaya ba tare da ya ƙona kuloci ba.

Ja daban, gudu daban, kuma asalin ja yana jikin karanshaf. Idan mai ya ƙone a cikin silinda, sai ya tura fistan ƙasa, kwanrod ya miƙa wannan turi ga karanshaf, shi kuma ya juya. Wurin da kwanrod ke kama karanshaf ya ɗan kauce daga tsakiya, kuma ninkin wannan kaucewar shi ne nisan da fistan ke yi daga sama zuwa ƙasa. Kowane yaron gareji ya san idan notin taya ya ƙi kwancewa, sai a zura wa sifana dogon bututu, da ƙarfin nan dai na ɗazu notin ya saki. Haka abin yake idan aka ƙara wa karanshaf kaucewa. Ga kuma riba ta biyu, wadda ma ta fi girma: fistan da ya ƙara nisa zai zuƙo iska da mai fiye da da, cikin injin ya ƙaru ke nan alhali bulok ɗin bai sauya ba. Irin wannan inji shi ake kira sitiroka.

Masu motocin shiga daji a Amurka sun daɗe da gane wannan. Injin Jeep mai silinda shida, lita 4.0, tafiyar fistansa milimita 86.7 ce. Yayansa mai lita 4.2, wanda kamfanin AMC ya fara yi a 1971, tasa ta kai milimita 98.9. Da yake gida ɗaya suka fito, karanshaf ɗin babban yana zama a bulok ɗin ƙaramin, sai injin ya tashi zuwa lita 4.5, ko 4.6 in an ɗan faɗaɗa silinda. Haka suke yi wa Chevrolet mai lita 5.7 su mai da shi 6.3. Ko kamfanoni ma da wannan lissafi suke aiki: injin 2F na tsohuwar Land Cruiser da 3F da ya gaje shi faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 94, amma 2F mai doguwar tafiya lita 4.2 ne, 3F kuwa 4.0.

To mu fa? Motar da ta raini kanikawanmu ita ce Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kakuri, Kaduna. Injinta mai cc 1796 da mai cc 1971 duk tafiyar fistansu milimita 81 ce. Faɗin silinda Faransawa suka ƙara, daga 84 zuwa 88. Saboda haka ko ka musanya karanshaf ɗin wannan da na wancan, ba abin da ka ƙara.

Saura hanya ɗaya, wadda masu injin wankin karanshaf za su iya: a ci ƙarfen wurin zaman kwanrod ta gefe ɗaya, tsakiyarsa ta matsa waje. Amma a yi lissafi tukuna. Kafin tsakiyar ta matsa da milimita 1, sai an rage kaurin wurin da aƙalla milimita 2, a kuma nemo kwanrod da metal da za su dace da sabon kaurin. Abin da za a samu bayan duk wannan wahala a injin 504 bai wuce cc 49 ba, wato kashi biyu da rabi cikin ɗari. Direba ba zai ji bambancinsa a laka ba, ga shi an raunana ƙarfen da dukan injin ya dogara a kansa.

Ko inda aka dace da dogon karanshaf, aikin yanzu ya fara. Fistan zai leƙo saman bulok da rabin abin da aka ƙara, don haka dole a sa gajeren kwanrod ko a sauya fistan. Matsin da ke cikin silinda zai ƙaru, in ya wuce kima mai ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, injin ya kama ƙwanƙwasa har fistan ya huje. Ƙasan kwanrod na iya dukan bangon bulok. Sannan a juyi 3,000 cikin minti ɗaya, fistan ɗin Jeep da ke tafiyar kusan mita 8.7 a daƙiƙa zai koma kusan 9.9: ƙarin zafi, ƙarin cin ringi, ƙarin aiki ga lagireto a zafin bazara. Ga shan mai, tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa ba mai wasa da lita ɗaya.

Duk waɗannan matsaloli maganinsu awo ne, awon da ake yi da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. A nan ne abin ke damuna. Hannun kanikawanmu ba ya da na biyu. Mutumin da zai saurari inji ya faɗa maka metal ɗin da ke kuka ba a raina shi. Sai dai kunne da yatsa ba sa auna ratar da ke tsakanin metal da karanshaf, kuma garejoji da yawa ba su da maikuromita ko sifanar auna ƙarfin ɗauri. Alhali a garin nan akwai sashen injiniyan injuna na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Basawa. Ya kamata waɗannan makarantu su shirya wa kanikawa gajeren horo da Hausa a kan awo, ƙungiyar kanikawa kuma ta haɗa kuɗi ta sayi kayan awon da kowa zai aro.

Kai kuma direba, kafin ka sa a taɓa karanshaf ɗinka, sa a gwada matsin kowace silinda, a saita wuta, a duba kuloci, ka sa taya mai zurfin zane, ka rage lodi ranar da aka kwana ana ruwa. Yawancin motocin da ba sa ja, ƙarfinsu na asali ne ya zube ta ringi da bawul, kuma dawo da shi ya fi sauƙi da arha nesa ba kusa ba.