Tunawa da Kaka, Matar Manomi

Karatu: 2 Timoti 1:5, Misalai 31:10-31

 

Yau za mu tuna da wata mace wadda ba a rubuta sunanta cikin littattafan tarihi ba. Matar manomi ce, uwar 'ya'ya, kakar jikoki, mai bin Yesu. Irinta suna da dama a ƙauyukan da ke kewaye da Tamale, wajen Kumbungu da Tolon da Savelugu, da cikin unguwannin birnin kansa. Waɗansu 'yan ƙasar Dagomba ne, waɗansu kuwa sun gangaro daga arewa tare da mazansu, Dagaaba da Frafra da Kasena. Yawancin na farko sun riga mu gidan gaskiya, kaɗan suka rage. Bari mu haɗa su duka mu kira su da suna ɗaya, wato Kaka. Watakila kafin mu gama za ka ce, ai kakata ake nufi.

Yadda Bishara ta same ta

A shekarar 1906 limaman Katolika suka sauka Navrongo. A shekarar 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret, na Assemblies of God, suka zo daga ƙasar Mosi suka zauna Yendi, daga baya aikin ya kai Tamale da Kumbungu. A shekarar 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, harshen da ake ji a Zongo da kasuwannin arewa. Cikin wannan zamani aka haifi Kaka. Ba a sa ta makaranta ba, gama a lokacin 'yan mata kaɗan ne ƙwarai suka shiga aji. Da kunne ta karɓi Magana. Ta ji, ta riƙe, ta gaskata, aka yi mata baftisma.

Kada ka yi tsammani abin ya zo da sauƙi. A ƙasar Dagomba masu bi kaɗan ne. Wadda ta bi Yesu takan zauna ita kaɗai da bangaskiyarta cikin dangi masu yawa, waɗansu Musulmi, waɗansu masu bin al'adar kakanni. Kaka ba ta yi faɗa da kowa ba. Tana zuwa sunansu da bikinsu da gaisuwar mutuwarsu, su ma suna zuwa nata. Da halinta ta yi shaida, har aka san ta da riƙon amana.

Aikin hannunta

Ka san ƙasar Tamale damina ɗaya gare ta. Ruwa yakan sauka sosai daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, sa'an nan rani mai tsawo da hunturu. Abin da gida ya noma cikin waɗannan watanni, shi za a ci har shekara ta kewayo. Maigida yana tada kunyar doya, yana huɗa, yana noma. Kaka tana bin bayansa da iri, dawa da gero da masara. Ita ce mai cirar gyaɗa, ita ce mai sussuka da sheƙa, ita ce mai busar da kuɓewa da kuka domin miyar rani.

Da farkon damina, lokacin da hatsi ya yi ƙasa cikin rumbu, kaɗanya takan nuna. Tun da asuba Kaka ta shiga daji da ƙwarya tana tsintar 'ya'yan kaɗanya cikin ciyawa, inda macizai ke kwance. Dubi wahalar da ke cikin man kaɗe. Sai ta cire naman, ta dafa ƙwallon, ta shanya, ta fasa, ta daka, ta soya, ta niƙa. Sa'an nan ta zauna tana bugun ƙullin da hannu tana ƙara ruwa, har man ya taso fari. Ta kwashe, ta dafa, ta tace, ta zuba cikin ƙwarya ya daskare. Haka kuma daddawa: a dafa kalwa wuni guda, a surfe, a wanke, a sāke dafawa, a rufe kamar kwana uku har ta yi. Kuɗin man kaɗe da daddawa da ta kai kasuwar Aboabo, su suka sayi gishiri da sabulu, su suka biya kuɗin makarantar 'ya'ya. Malamai da ma'aikatan asibiti da fastoci da yawa na arewacin Gana, da man kaɗe aka yi karatunsu.

Ga kuma ruwa. Da rani rijiyoyi sukan ƙafe, mata su yi tafiya mai nisa zuwa tafki da tulu a kai. A dā ruwan tafkin nan shi ke kawo kurkunu, ciwon da ke kwantar da manomi daidai lokacin shuka. Savelugu ta sha wuyarsa ƙwarai. Sai a shekarar 2010 aka ga na ƙarshe a Gana, a shekarar 2015 kuma aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Kaka ta yi yawancin ranta kafin wannan sauƙi ya zo.

Littafin Misalai, sura 31, ya kwatanta mace mai kirki: tana tashi tun da sauran dare, tana ciyar da iyalinta, tana kula da gona, tana sayar da aikin hannunta, tana taimakon matalauci. Wanda ya san Kaka ba ya bukatar a fassara masa wannan sura. Amma ka lura da inda surar ta ƙare. Ba ta ƙare a kan ƙwazo ba, a kan tsoron Ubangiji ta ƙare. Mata masu ƙwazo suna ko'ina. Abin da muke nema mu gane shi ne tushen da ya riƙe wannan mace.

Ranar wahala

A shekarar 1983 fari ya kama Gana, wutar daji ta cinye gonaki, yunwa ta shiga gidaje. A shekarar nan kuma aka koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga Nijeriya, bakuna suka ƙaru, abinci ya ragu. A shekarar 1994 yaƙi ya tashi tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gonja, ƙauyuka suka ƙone, dubban mutane suka rasa gidajensu. A irin waɗannan kwanaki ake sanin abin da ke cikin zuciyar mutum. Mace irin Kaka takan raba tuwon mutum biyar ya ishi takwas, ita kuwa ta ce ta ƙoshi. Me ya ba ta ƙarfin yin haka? Ta gaskata cewa Allah da ya ba da Ɗansa dominta ba zai manta da ita ba. Wanda ya tabbata yana da Uba a sama, hannunsa ba ya makalewa a bakin rumbu. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Gadon da ta bari

Manzo Bulus, da ya rubuta wa Timoti, ya tuna masa cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Ba mu san wani abu kuma game da Loyis ba. Amma ta wurin jikanta ekklesiyoyi suka ƙarfafa. Haka Kaka. Da dare, bayan tuwo, takan tara jikoki a tabarma. Ta ba su labarin Yusufu da 'yan'uwansa, da na Dauda, da na ɗan da ya ɓace ya komo. Ta sa wanda ya iya karatu ya karanta mata, in ya tsallake aya ta gyara masa daga abin da ta haddace. Ta yi addu'a tana kiran kowane da sunansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Magana biyu gare ka

Ta fari ke nan. In kakarka ko tsohuwar unguwarku tana da rai, ka girmama ta yanzu. Abin baƙin ciki ne, a arewacin Gana akan ɗora wa tsofaffin mata, tun ba gwauraye ba, laifin maita idan yaro ya yi ciwo ko wani ya mutu. Akan kore su daga gidan da suka gina da guminsu, su nemi mafaka a wurare kamar Gambaga da Kukuo da Gnani. A shekarar 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dūka har ta mutu a Kafaba, kusa da Salaga, mutane suna tsaye suna kallo. Ya mai karatu, wannan zunubi ne a gaban Allah. Bulus ya umarci Timoti a girmama gwauraye, ya ce 'ya'ya da jikoki su fara sāka wa iyayensu. Ubangiji Yesu kansa, yana kan gicciye, ya danƙa uwarsa a hannun almajirinsa. In an nuna tsohuwa da yatsa a garinku, kada ka yi shiru. Yaro mai zazzaɓi a kai shi asibiti, tsohuwa kuwa a bar ta cikin ɗakinta.

Ta biyu ke nan. Gona ana gādonta, shanu ana gādonsu, amma ceto ba a gādonsa. Ba man kaɗe ko yawan alheri ya ceci Kaka ba. Ta san ita mai zunubi ce, ta dogara ga Yesu Kristi wanda ya mutu dominta ya tashi kuma. Addu'arta ta kawo ka bakin ƙofa, shiga kuwa naka ne. Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi yau, domin ranar tashin matattu ku sadu da murna.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin iyayenmu mata da kakanninmu waɗanda suka ciyar da mu, suka nuna mana hanyarka. Ka tsare waɗanda suka rage, ka ba mu zuciyar girmama su. Ka sa bangaskiyarsu ta zama tamu. Cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.