Tsangaya Mai Rumbu

Tun kafin assalatu wutar kara take ci a tsakiyar wata tsangaya da ke gabas da Haɗeja, daura da hanyar Nguru. Yara sun kewaye ta, kowa da allonsa a cinya, kowa na ɗaga murya da nasa karatun. Baƙo hayaniya kawai zai ji. Alaramma kuwa, daga kan buzunsa, sai ya tsinto muryar yaro ɗaya da ya ja inda ba a ja, ya gyara masa ko kai bai ɗaga ba.

Karatu a nan hawa-hawa ne. Kolo da babbaƙu yake farawa, ya shiga farfaru, ya san wasali, sannan a riƙa biya masa gajerun surori daga ƙasa. In ya tasa ya zama titibiri, shi zai wanke allonsa ya shanya, ya feƙe alƙalamin gamba, ya dama tawada da gawayi da ƙaro. Gardi ya wuce nan. Ya sauke, ya koma hadda, ya tsare tilawa, har ya kai ga satu, wato rubuta Alƙur'ani izu sittin da ka, ba tare da ya leƙa takarda ba. Duk abin da ya rubuta sai an kai darasu gaban malam. A nan ne za ka ga ƙwarewa: ɗigo ɗaya ya ɓace, sai an nemo shi. Da ruwayar Warshu suke karatu, rubutunsu kuma irin na Magrib ne, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo guda a sama. Da wannan hannu kakanninmu suka rubuta wasiƙu da hukuncin alƙalai da waƙoƙin ajami tun ba a san boko ba.

Abin da ya fi jan hankalina, duk da haka, rumbuna ne da ke bayan bukkoki. Da damina, in an tashi karatun safe, manyan almajirai gonar malam suke nufa, a noma gero da dawa da wake. Ƙananan kuma kowa yana da uwar ɗaki a cikin gari, wadda ke ajiye masa tuwon dare, shi kuma ya ɗebo mata ruwa. Ana kawo kuɗin Laraba, ana hutun Alhamis da Juma'a. Ban ce akwai wadata ba, kayan jikinsu ma sun nuna. Amma yaro ba ya yini a tasha da roba a hannu.

Haka tsarin yake tun asali. Sarakunan Borno kan ba malamai takardar mahram, wadda ke ɗauke musu haraji da aikin sarki, su zauna da ɗalibansu su yi noma da karatu. Shi ya sa har gobe mai neman hadda gabas yake dosa. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, wani Bature da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, aikin gwamnati ya koma hannun masu boko, kuɗin ilimi ya bi su. Aka bar malamin allo da sadaka. Da fari da tsadar rayuwa suka tura malamai birni, inda babu gona babu rumbu, sai bara ta zama ita ce abincin.

Gwamnatoci sun taɓa gwadawa. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, aka gina irinta da dama, da yawansu kuma suka lalace don ba mai kula. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. A ganina inda ake yin tuntuɓe shi ne ana zana gyaran a ofis, alaramma sai dai ya ji a rediyo.

Shi ma yana da nasa laifin in ya karɓi yaran da ba zai iya ci da su ba, haka uban da zai kawo ɗan shekara shida ya juya ko sabulu bai bari ba. Kuma buƙatun tsangayar nan a fili suke. Ƙazuwa na yawo tsakanin yara saboda ƙarancin ruwa. Zazzaɓi ya kama kolo, asibiti na da nisa. Gardin da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba shi da wata takardar shaida da zai nuna a ɗauke shi aiki, sai ya koma ɗinkin hula ko yankan farce a kasuwa. Rijiyar burtsatse, da malamin lissafi da boko da zai riƙa zuwa ranar Alhamis, da shaidar hadda da hukuma ta amince da ita, ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma da jiha ba.