Yadda Ake Auna 'Yan Wasan Zagayen Ƙarshe a NFL

Kowace shekara ƙungiyoyi 32 na NFL, gasar ƙwallon zari-ruga ta Amurka, kan zaɓi matasa daga jami'o'i a zagaye bakwai. 'Yan zagayen ƙarshe albashinsu kaɗan ne, kuma tunda an ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe kan albashi, duk wanda ya yi fice cikinsu riba ce babba.

A 2022 San Francisco 49ers ta ɗauki Brock Purdy na 262, wato na ƙarshe baki ɗaya. A Fabrairun 2024 shi ya jagorance ta a wasan ƙarshe, Super Bowl. Trey Lance kuwa, da ta zaɓa na uku a 2021, tuni ta miƙa shi ga Dallas. Shi ya sa ba a yanke hukunci ranar zaɓe, sai an ga shekara biyu ko uku a fili.