Ɗakin bayan gida a Abuja: me ya sa izinin gina shi ke da wuya?

Duk wanda ya taɓa neman haya a Garki, Wuse ko Gwarimpa ya san cewa ƙaramin ma'aikaci ba ya tambayar babban gida. Abin da yake nema shi ne boyis-kwata, ɗan ɗakin nan da ke bayan gida. Asali an tanade shi ne don mai aikin gida ko direba, amma yau malaman makaranta, ma'aikatan jinya da sabbin ma'aurata ne ke cikinsa. Wanda bai samu ba sai ya gangara Mararaba ko Madalla, ya riƙa sammako kullum yana fama da cunkoson hanya.

Tsarin birnin da aka kammala a 1979 ya yi hasashen mutum miliyan 1.6, da damar faɗaɗawa zuwa kusan miliyan 3. Tun bayan da gwamnati ta tare a Disambar 1991, jama'a ke kwarara, gidajen masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su biyo sawu ba. Shi ya sa mai gida da ke da ɗan fili a baya yake tunanin ƙara ciki da falo, ko don haya ko don ɗan da ya isa aure.

A doka, ba ya da ikon aza bulo ko ɗaya sai da amincewar Sashen Kula da Tsarin Gine-gine, wanda ke ƙarƙashin hukumar kula da birnin Abuja, AMMC. Zai kai takardar mallakar fili, da zanen da mai zanen gini mai rajista da ARCON ya sa wa hatimi, da lissafin ƙarfin gini daga injiniya mai rajista da COREN, da shaidar biyan kuɗaɗen hukuma. Jami'ai za su duba ko ya bar tazara tsakanin ginin da katanga, ko bai cinye filin da aka ce a bari ba, ko bai hau kan magudanar ruwa ko bututun ƙazanta ba. Waɗannan sharuɗɗa suna da hujja. Ɗakin da aka manna da katangar maƙwabci yana toshe iska, kuma idan gobara ta tashi babu hanyar wucewa.

Dokar tsara birane ta 1992 ta ce kada jinkirin amsa ya wuce wata 3, izinin kuma yana aiki shekara 2. Sai dai fayil ba ya motsi idan takardun fili na da tangarɗa, kuma nan ne gizo ke saƙar. A Abuja minista kaɗai ke da ikon ba da fili. Dubban magidanta a Kubwa, Lugbe da Karu takardar ƙaramar hukuma ko ta mai unguwa suke riƙe da ita, wadda sai an tantance ta a ofishin bayanan filaye na AGIS kafin ta zama abin dogaro. Wanda ke da cikakkiyar takarda ma, bashin harajin fili na iya tsayar da shi. A Maris na 2025 gwamnatin Abuja ƙarƙashin minista Nyesom Wike ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda wannan bashi.

To sai mutum ya kira magini a ɓoye, a yi gini cikin gaggawa ba injiniya. Wata rana a wayi gari an shafa jan fenti a bango, kuma wanda ya ga rusau na zamanin minista El-Rufai, tsakanin 2003 da 2007, ya san abin da ke biyo baya. Ɗan haya da ya biya kuɗin shekara shi ke fara kwana a waje.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda su ma tsadar haya ta addabe su, doka ta wajabta wa hukuma tun 2020 ta yanke hukunci kan irin wannan ɗaki cikin kwana 60. A ganina Abuja na iya yin makamancin haka: a ware wa ƙaramin gini layinsa daban da na manyan benaye, a fitar da zane-zane kaɗan da hukuma ta riga ta amince da su don mai gida ya zaɓa, a kafe kuɗin da za a biya a inda kowa zai gani, sannan a gaggauta tantance takardun unguwannin gefe, inda buƙatar ta fi tsanani.