Gardamar Na'urorin Gem a Yammacin Zamfara

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin samari, wato wace na'ura ce ta fi. Wani ya ce PlayStation, wani ya ce Xbox, a yi ta kai ruwa rana har mai gida ya kashe janareto. Gardamar tsohuwa ce, domin tun da kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Famicom a 1983, Sega kuma ya biyo da Mega Drive a 1988, ake wannan ja-in-ja. Sai dai a ƙauyukan da ke yankin Anka da Gummi da Bukkuyum, irin su Tungar Guru, akwai alƙalan da masu ƙera na'urorin ba su cika sa su cikin lissafi ba: wutar lantarki, da faifai, da layin sadarwa.

Na'urar gem kwamfuta ce da aka keɓe wa aiki ɗaya. Wani sashe nata yana lissafa inda ƙwallo take da inda kowane ɗan wasa ya nufa, wani sashen kuma yana zana hoton a talabijin sau 30 ko sau 60 cikin daƙiƙa guda. Iya kyan hoto, iya yawan lissafi. Iya yawan lissafi kuwa, iya wutar da za ta sha da zafin da za ta fitar. PlayStation 5, wadda Sony ya fitar a 2020, tana jan kimanin wat 200 idan ana wasa, alhali siririyar PlayStation 2 ba ta kai wat 50 ba. Ga mai ƙaramin janareto wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Bugu da ƙari, fankar da ke sanyaya babbar na'ura ita ce kuma ke zuƙo mata ƙurar hunturu.

To amma tarihi ya nuna cewa ƙarfi kaɗai bai taɓa cin kasuwa ba. Nintendo 64 ta 1996 ta fi PlayStation ta farko saurin lissafi, sai dai kaset ɗinta mafi girma megabayit 64 yake ɗauka, shi kuwa faifan PlayStation ya ninka wannan sau goma, ga arahar bugawa. Masu shirya wasanni suka karkata wajen Sony, masu saye suka bi su. PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, ta gāji wannan farin jini: an yi mata wasanni sama da 3,000, an sayar da ita fiye da miliyan 155, ba a kuma daina ƙera ta ba sai wajen farkon 2013.

Abin dariyar shi ne, cikin waɗannan dubban wasanni, gidan gem na ƙasar Hausa da guda ɗaya ko biyu yake rayuwa. Ƙwallon ƙafa ce ja gaba: Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, sai FIFA na kamfanin EA, wanda aka sake wa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Dalilin a fili yake. Wasa ɗaya ba ya wuce 'yan mintuna, mutum biyu ne ke karawa, 'yan kallo sun san ƙungiyoyin, mai gida kuma ya san abin da zai karɓa a kowane zagaye. Wasan da ke buƙatar awa arba'in da karanta dogon labari cikin Turanci ba shi da gurbi a kan bencin da ake jiran layi. Har bayan da Konami ya daina yi wa PlayStation 2 sabon wasa, masu sha'awa sun ci gaba da yi wa tsohon kwaskwarima, suna sa masa sababbin 'yan wasa da rigunansu. Kwafin faifai dai ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, amma ko shakka babu shi ya tsawaita ran wannan na'ura a wajenmu.

A nan ne maganar gobe take da nauyi. Kamfanonin sun juya wa faifai baya. Xbox Series S ba ta da wurin sa faifai sam, haka ma wani samfurin PlayStation 5. Sai dai a sauko da wasa ta intanet, wasu wasannin kuwa sun haura gigabayit 100. Mutanen Zamfara sun san abin da dogaro da layi ke nufi. A Satumban 2021 aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu ƙananan hukumomi suka shafe sama da wata biyu a haka. A irin wannan hali tsohuwar na'ura mai faifai ba ta san an yi ba, sabuwar kuwa ba ta da hanyar samun ko wasa ɗaya kan waɗanda ke cikinta. Shi ma shirin ajiye na'urar a wata uwa duniya a riƙa turo hoton ta intanet bai zauna da gindinsa ba. Google ya gwada da Stadia a 2019, ya rufe ta a Janairun 2023.

Saboda haka babbar kishiyar PlayStation a karkarar Gummi ba Xbox ba ce, wayar hannu ce. A 2021 Konami ya mayar da wasansa eFootball, ana sauke shi kyauta har a waya, ita kuwa waya ƙaramin faifan sola ya isa ya cika mata batir. Abin da ba ta iya bayarwa shi ne taron kansa: benci cike, ga ihu, ga wanda aka ci uku da nema yana rantsuwar sai an sake.